Kamshaf ɗin da Ke Cikin Kwali

"Daƙiƙa goma sha ɗaya!" Radomir ya fyaɗa hularsa da ƙasa. Motarsu ta sha kaye a tseren mita ɗari huɗu, an fitar da su daga gasar bana ke nan.

Mako biyu suka kwashe suna jayayya da 'yarsa Dobrila, direbar motar, a kan kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin inji. Shi ya kafe a kan babba, wanda ya ci kofi da shi tun ba a haife ta ba. Ita kuwa ta sayo ƙarami, domin a cewarta babban yana zubar da iskar turbo, mai ƙara wa inji ƙarfi, ta bututun salansa.

"To, Injiniya, kin gani?" in ji shi. "Shekara arba'in ban taɓa janye maganata ba sai yau. Da safe na haɗiye girmana, na ciro nawa a ɓoye, na ɗaura naki na cikin kwali. Ga abin da ya haifar!"

Dobrila ta cire hular kwano a hankali.

"Baba, ka sa tabarau da kake aikin?"

"Me ya kawo zancen tabarau?"

"Tun ranar Alhamis na ɗaura nawa. Naka ne a cikin kwalin."