Zakaran da Aka Hana Cara

Gerdien ta sauke murfin akwatin har ya kusa taɓa zankon zakaranta, Kobus. Zakara ba ya iya cara sai ya miƙe wuya, shi ya sa ta yi akwatin gajere. Ta ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin gida inda take tara dankali, ta toshe 'yar tagar da tsohon bargo.

A watan Oktoba ta tsince shi cikin kwali, a bayan rumfar jiran bas. Haka mutane suke yi. Sai su bar kaza ta ƙyanƙyashe don yara su gani, in tsako ya girma ya fara tashin maƙwabta da asuba, a kai shi bakin titi. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, ga ƙurji a ƙafar hagu. Mako uku tana wanke idon, tana ba shi dafaffen ƙwai da gutsuren burodi a tafin hannunta. Idon bai buɗe ba. Amma ya riƙe ƙarar kekenta, tun tana kwanar layi yake fitowa da ɗingishinsa ya tarye ta. Tun rasuwar mahaifinta, Evert, babu wanda ya ƙara taryarta a gidan.

Sai ga murar tsuntsaye a watan Maris.

Da manyan gonaki aka fara. Daga baya doka ta sauko kan kowa: duk wani mai fiffike a yankin za a kashe shi, mai ciwo da mai lafiya, ko da kaza ɗaya ce a bayan gida. Fararen motoci suka riƙa bin ƙauyen layi-layi. Mutanen ciki a rufe suke ruf, farar riga har ka, takalman roba, takunkumi, sai idanu kawai. Litinin layin makaranta. Talata layin coci. Gerdien ta san Juma'a ce ranar layinsu.

Ba ta sauka wurin Kobus sai ta yi wanka sau biyu, ta canza tufafi, ta bar takalmanta a waje cikin bokitin ruwan magani. Sannan ta fito da shi daga akwatin, ta zauna da shi a kan matakala yana tsattsagar maɓallin rigarta. A gidan burodi kuwa, da zarar ta shiga, sai hira ta mutu. Matar da ke sayarwa ta daina miƙa mata burodi a hannu, sai ta ajiye a kan kanta ta juya baya.

Ranar Laraba da hantsi Kobus ya samu ya karkata wuya ta gefe. Carar ta fito a shaƙe, amma ta fito.

Da yamma tsoho Teunis yana jiran ta a bakin shinge. Ƙofar gidansa layin coci take kallo, lambunsa ne ya haɗa baya da nata. Kejin kajinsa a buɗe, babu komai ciki sai ƙamshin magani.

"'Yar Evert," in ji shi, "rediyon nan naki na ƙasa akwai murya."

"Ba ni da rediyo a ƙasa, Baba Teunis."

"To dankalinki ne ya fara cara." Bai yi dariya ba. "Kaji sha biyu ne nawa. Marigayiya matata ce ta raɗa musu suna, ɗaya bayan ɗaya. Ko atishawa babu wadda ta yi."

"Na sani."

"Kin sani mana." Ya daɗe yana kallon idanunta. "Ranar Lahadi kowa yana tsayawa shan kofi bayan an tashi daga coci. Ni kuma tsufa ya sa bakina ba ya riƙe magana."

Ranar Alhamis ta ɗauki akwatin har cikin mota. 'Yar'uwarta tana hayin kogi, inda cutar ba ta kai ba. Akwai shingen bincike a bakin gada, amma ba a taɓa buɗe bayan motarta ba, ta san za ta wuce. Ta kuma san abin da gashin tsuntsu guda ɗaya kan iya kai wa garin da ke zaune lafiya. Ta zauna riƙe da makulli har rana ta karkata, sannan ta mayar da akwatin cikin gida.

Juma'a da sassafe ta sake shi a lambu. Ya tsaya a kan ciyawa yana ƙifta idonsa mai gani, ya girgiza jiki, ya miƙe wuya iya tsawonsa. Ya yi ta cara babu mai hana shi. Labule ya motsa a gidan hagu, ya motsa a gidan dama.

Ta zauna a bakin ƙofar baya, ta sa shi a ƙarƙashin hammatarta, ta rufe masa idon da tafin hannu. Kashe shi bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Sai da nauyinsa ya saki a cinyarta ne ta kifa fuska a gashinsa mai ɗumi, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar binne mahaifinta. A bakin shinge Teunis ya cire hularsa.

Ƙarfe takwas farar mota ta tsaya a ƙofar gidanta. Direban ya sauko, ya dubi jajayen idanunta, ya dubi baƙar jakar da ke hannunta.

"Barka da asuba, Likita. Da wane gida za mu fara?"

"An gama da nawa," in ji Gerdien, likitar dabbobin yankin. Ta miƙa masa jakar da gawar Kobus ke ciki, ta karɓi farar riga da takunkumi, irin waɗanda ta sa ranar Talata, lokacin da ta yi wa kajin Teunis allurar kisa da hannunta.