Tsumman Bakin Rariya

Tun da na dawo gida bakina bai huta ba. Duk inda na zauna sai na kawo maganar can, cewa a ƙasar da na yi shekara takwas ma'aikaci ɗaya yana gama aikin mutum biyar na nan kafin azahar. Rannan a ƙofar gida, bayan mutane sun zame ɗaya bayan ɗaya sun bar ni da bakina, kawuna ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce in matso, akwai misalin da zai ba ni.

Ya ce an yi wani mutum da ya tafi ci-rani wata ƙasa mai nisa, ya samu aiki a babban gidan abinci inda famfo ba ya ɗaukewa, mutum ɗaya ya wanke faranti dubu bai ko yi gumi ba. Da ya dawo sai ya tarar damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Rijiyoyin gari sun ƙafe, sai tonon yashi a rafi, kuma mai unguwa ya yanka wa kowane gida jarka biyu a yini. Mahaifinsa ya rasu yana can. Abin da ya rage a gidan tsohuwarsa ce, da akuya ɗaya, da itacen lemun tsami da marigayin ya dasa da hannunsa a kusurwar tsakar gida. Mutumin nan ya zauna yana kallon aikin tsohuwa, abin yana ci masa rai. Ruwa ɗaya sai ya yi mata aiki biyu ko uku kafin ta sallame shi. In ta wanke gero, ƙasarin na akuya ne. Ruwan da ta ɗauraye kwanuka da shi yau, shi ne na wankin farko gobe. Alwala a kan tasa take yi, ta ɗauka ta kai gindin lemo. Rariyar gidan kuwa ta toshe ta da tsumma, ta ja wata 'yar hanya da bakin fartanya, yadda ko ruwan wanka sai ya zagaya ya biya ta wurin itacen. Wannan juye-juye shi ke kai ta la'asar ba ta zauna ba. Ya ce mata a can wanda ya yi aiki haka ba ya kwana biyu ba a kore shi ba. Ita dai ta ci gaba da aikinta. Ana nan sai ƙanwarsa ta haihu a wani gari, tsohuwa ta ɗaure kayanta za ta je ta zauna mata har arba'in. A bakin zaure ta juyo, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ta ce, “Kai wannan, ruwa ba ya fita gidan nan ta rariya.”

Ko ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya zare tsumman, ya ce ƙazanta ce. Ya share 'yar hanyar, ya daidaita ƙasa. Kullum kafin hantsi ya gama komai: ya wanke, ya ɗauraye, ya watsar, ruwa ya bi rariya ya fita titi, tsakar gida fes kamar gidan da ba kowa. Daga nan sai ya sa riga ya fita neman wanda zai faɗa wa ya gama. Ba kowa. Sa'o'insa suna rafi a layi, waɗanda ke gari kuma kowa da iyalinsa da abin da ya dame shi. Sai ya dawo ya zauna a inuwar lemon, ya tashi, ya sake zama. Bai lura inuwar tana raguwa ba, sai ranar da rana ta same shi a ƙeya a wurin da ya saba fakewa. Ya ɗaga kai ya ga ganye ya nannaɗe ya yi rawaya. Akuya ma nononta ya janye. Nan ya shiga kwarara wa itacen ruwan shansa da tsakar rana, ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba, shi kuma ya wuni da ƙishirwa. Ranar da tsohuwa ta dawo ta sauke kayanta, ba ta ko cire mayafi ba ta wuce kusurwa. Ta kama wani reshe ta lanƙwasa, ya karye ƙas. Ta daɗe da shi a hannu. Mutumin yana tsaye yana jiran faɗa, har so yake a yi masa, amma ba ta yi ba. Ta nemo tsumma ta mayar bakin rariya. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko kwanon shan da take ajiye wa baƙi, ta ɗebo ruwa a randa, ta kawo masa, ta ce, “Sannu da aiki.”

Nan kawuna ya dasa aya. Na tambaye shi ko itacen ya sake tohowa da damina. Ya ce bai sani ba, mai misalin bai kai nan ba. Ya miƙe, ya karkaɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa da sauran ruwa a ciki, ya juye a gindin zogalen ƙofar gida, ya ce, “Ai shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.”