Alƙalin Wake

'Yata ta aiko mini da sabuwar tukunya daga Damagaram, kokot sunanta. Wai tana dafa wake kafin mutum ya gama alwala. Ni da na bar lakwal a aji uku, na yi bincike mai zurfi na gano aibinta: ba a buɗe ta sai ta yi fito.

Wata la'asar ina yaro, Baba ya tafi cirani Kano, gida daga ni sai Inna. Ta ɗora wake da kanwa, ta naɗa ni alƙalinsa. Ta tsamo ƙwaya ɗaya, ta hura, ta sa mini a baki.

"Ranka ya daɗe, ya nuna?"

Zan ce ya nuna, don abokaina na jirana a waje, sai ta riƙe hannuna.

"Alƙali, kada ka yi gaggawar hukunci. In ya nuna, kai ma tashi za ka yi."

Na ce da saura. Muka zauna har waken ya faffashe.

Yau kokot ta yanke hukunci ba ta tambaye ni ba. Na zuba a kwano ɗaya, na ce, "Da saura." Babu wanda ya riƙe hannuna.