Farar Ɗamara a Ƙarshen Sahu

"Sake!" in ji malamar.

Tsohon ya sake kai naushin. Hannun hagu ya tafi rabin hanya ya tsaya yana kakkarwa, kamar na aro. Gumi ya cika masa ido.

"Kafaɗa ƙasa. Sake!"

Ya ciji leɓe. A ransa ya ce, yarinyar nan ba ta da ɗigon tausayi.

A makarantar karetin nan ba wasa ake zuwa yi ba. Da sassafe ake buɗe ƙofa. Kafin kowa ya ɗaga hannu sai ya cire takalmi, ya rusuna, ya durƙusa ya goge katakon ɗakin da tsumma daga bango zuwa bango. Tsofaffin hannu masu baƙar ɗamara su ne a gaba, masu farar ɗamara a ƙarshen sahu. Can aka ajiye shi da furfurarsa, kusa da bokitin wanke tsumma.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, likita ya ce maganinsa motsa jiki. Matarsa ta so a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi. Shi ya kafe sai nan. Ga shi yanzu kullum da ɓacin rai yake komawa gida, ya ture abinci, ya hau kowa da faɗa.

Ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba. Ƙartin nan ne na sahun gaba, waɗanda ba sa iya haɗa ido da shi. In ya faɗi sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya zuba wa ƙasa ido. Ran nan wani ya rugo zai ɗaga shi, malamar ta daka masa tsawa: "Koma wurinka! Da ƙafarsa zai tashi." Haka ya yi ta rarrafe a gabansu yana laluben bango.

Da sauran ɗalibai tana da fara'a, har zolaya take yi. Shi kuwa ko ɗan yatsan ƙafa ya karkace sai ta gani. Abin haushin ma, ba ta taɓa yi masa gyaran banza ba. Kafin ta buɗe baki ya riga ya san kuskuren, jikin ne dai ya ƙi jin magana.

Yau darasin farko ta sa shi, wanda ake fara koya wa kowa: taku, tarewa, naushi, juyi. A wurin juyin, ƙafar hagu ta ci amanarsa. Haɓarsa ta daki katako, jini ya ɓata farar rigarsa.

"Tashi," ta ce. "Daga farko."

Ya miƙe. Ya fizge ƙullin ɗamarar da hannun dama ya yi jifa da ita gabanta.

"Na gaji! Ni za ki mayar abin kallo? A kawo mini kujera in zauna a gaba, shekaruna sun kai!"

"A ɗakin nan babu mai zama," ta ce. "Wanda ya bar horo ya dawo, ko me ya raba shi da shi, daga ƙarshen sahu zai faro. Wanda kuma ya yar da ɗamara, ko ya ɗauka da hannunsa, ko ya fita ba dawowa."

"Wannan ba doka ba ce, zalunci ne! Wanda ya kafa ta bai san ciwon jikin mutum ba!"

Malamar ba ta kawar da kai ba. "Haka ni ma na ce, ranar da na dawo daga karayar ƙafa aka raba ni da baƙar ɗamarata ina kuka. Ba a saurare ni ba."

Ya daɗe yana huci. Ƙofa na buɗe a bayansa, babu wanda ya motsa.

Sannan ya duƙa. Hannun hagu ya miƙa, yatsun suka yi ta gardama kafin suka damƙi ɗamarar. Ya ɗaura ta a karkace, ya ja ƙafa ya koma wurinsa.

Ya rusuna wa malamar, 'yar cikinsa, yana haɗiye fushi, a ƙarƙashin dokar da shi da bakinsa ya kafa ranar da ya buɗe makarantar.