Ruwan Kwatarmu

Tun da allurai suka daina kashe ƙwayoyin cuta, ba a yi wa kowa aikin ƙashi sai danginsa sun kawo ruwan kwatar unguwarsu. A cikinsa ake nemo maganin: wasu ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cutar, waɗanda likitoci ke kira sojoji.

Ɗana Junaidu ya karye a ƙafa, ciwon ya fara ruwa. Ni kuwa ba zan yarda a kai masa ƙazanta ba. Na ɗebo ruwan, na tace, na tafasa, na zuba a wankakkiyar kwalba, na kai asibiti.

Rumasa'u, ɗalibar da ke bin likitan ƙashi da safe ta koma ɗakin bincike da rana, ta ɗaga kwalbar ta duba.

"Maman Junaidu, wannan ai ko shayi a haɗa da shi. Tafasawa kika yi?"

"To likita, ɗanye zan kawo?"

"Kin dafa mana sojojin! Tashi mu je."

Muka hau adaidaita. Ta tsuguna bakin kwatarmu da farar rigarta tana kwasar baƙin ruwa, maƙwabta suna leƙe.

Bayan la'asar ta shigo ɗakin marasa lafiya da gudu.

"Sojojin sun cinye cutar tas a gwajin da muka yi! Gobe za a gyara ƙafar, kuma ni zan riƙe wa likita kayan aiki."

Na rangaɗa guɗa, Junaidu yana dariya. Matar da ke jinya a gadon kusa ba ta ɗago ba. Daga sabuwar unguwa take, inda babu kwata ko ɗaya.

"Hajiya," na ce, "ɗauko kwalbarki in raka ki gidanmu."