Gatarin Mani da Akwatin Japan

Wani ya cuci Gide, kuma ya san kansa.

A shekarun da kuɗin mai suka haukata ƙasa, mutumin nan ya kawo akwatin wasa ɗan Japan kasuwar Yankara, jibgege, da gilashin talabijin da batirin mota. Ka ba da sule, ka murɗa maɓalli, kai da na'ura ku yi ta buga wa juna wani farin ɗigo. Wanda ya ci na'ura, rediyo nasa. Wata huɗu rediyon na rataye.

Tun daga nan Gide ya bar dako. Duk ranar kasuwa, kafin mahauta su iso yana gurbinsa a durƙushe, hannu kan maɓalli, zufa har ƙugu. Ba ci, ba sha, ko tari ba ya yi. Sai kasuwa ta watse yake miƙe baya.

"Malam, wasan nan zai kashe ka," in ji matarsa Suwaibatu.

"Ke dai bari. Shiga ce da sauƙi."

'Yan kasuwa kullum cikin musu suke. Wasu su ce sule a kan ɗigo hauka ne, gara tsire. Wasu su ce tsire minti ɗaya ne, wannan kuwa labarin mako guda. Gide na jin su daga gurbinsa.

Ranar nan sai ga Mani maƙeri, wanda aka ci sau goma sha tara, da gatari a kafaɗa. Ya dubi mai akwatin.

"Alhaji, ga sulena. In ta ƙara cina, wallahi sai na raba ta biyu na ga uban da ke ciki!"

Aka bushe da dariya. Gide kuwa ya shiga lissafi. In na'ura ta faɗi, abincinsa ya ƙare. In ta ci, gatari.

Ɗigo ya je, ya dawo. Tara da tara. Saura ɗaya. Sai dai hannun da ya saba ci ba ya jin magana.

Goma da tara, na'ura ta sake ci. Mani ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari sama.

Nan akwatin Japan ya kurma ihu da Katsinanci tsantsa: "Mani, don girman Allah tsaya, ni ne Gide!"

To, wanda ya ce sulen ranar bai biya ba, ya fito ya musa.