Manomin da Ya Cinye Irinsa

Ku samarin yanzu ba ku da kunne. Duk abin da baƙo ya sauke a kasuwa, kafin ya kwance bakin buhu kun riga kun zubar da na gidanku. To, ku zauna ku ji yadda wani ya ƙare.

A zamanin Turawa, can kudancin ƙasar Zazzau, kusa da hanyar jirgin ƙasa, an yi wani manomi mai gandu na gado, da mata, da 'ya'ya huɗu, da tsohuwar uwa. Dawa yake nomawa kamar ubansa. Kowace kaka tsohuwar takan shiga gona ta zaɓi manyan zangarniyoyi, ta ɗaure, ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwaro. Wannan shi ne iri, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Wata shekara malamin gona ya zo a kan keke da wani baƙon wake, ƙanana, ruwan ɗorawa, wanda yau kuke kira waken suya. Ya ce Bature ne ya aiko, a shuka, kamfani zai saye duka ya loda a jirgi. Manomin ya gwada kunya goma a gefen gona. Da kaka aka auna, aka ba shi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Ya sayo turmin atamfa da fitilar ƙwai, ya zama abin magana a ƙauye. Da damina ta sake gabatowa sai ya ce bana gandun duka wake za a shuka. Uwar ta ce masa, "Kai, ka taɓa ganin wanda ya ci abin nan?" Ya ce, "Inna, ko ba a saya ba ai mun dafa. Ba mu da kanwa ne?" Ya sa sanda ya sauko da zangarniyoyin nan, ya miƙa wa matarsa ta sussuke, aka yi tuwo da su kwana uku. Tsohuwar ba ta sa hannu a kwanon ba.

Waken ya yi kyau, babu wanda zai ce bai yi ba. Ya cika rumbu biyu. Ya ɗora wa jakuna ya kai tasha, akawun kamfani ya ce bana ba a ba su umarnin saye ba. Ya koma sau uku, na ukun ma rumfar awon kamfanin a rufe ya tarar. Ya kai kasuwa, ba wanda ya yarda ya ba shi mudun dawa ɗaya a bakin mudu biyar. A lokacin ba wanda ya san awara, balle yadda ake sarrafa shi. Matarsa ta yi abin da ta sani. Ta zuba a tukunya da kanwa kamar farin wake, ta hura wuta tun hantsi har la'asar, itacen kwana uku ya ƙare, waken yana nan kamar tsakuwa, ga wani ƙarni. Ta daka, ta tuƙa, ya ƙi zama tuwo. Yara suka ci don dole, ciki ya kumbura, gudawa ta kama su. Manomin yakan tsaya a bakin rumbu yana kallon abin da ya cika shi har wuya, alhali a bayansa ana kukan yunwa.

Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita da sungumi. Shi ba ƙwayar dawa ko ɗaya. Ya ɗebi waken ya mayar ƙasa, bai san zafin bazara ya riga ya kashe shi a cikin rumbu ba. Kwana goma gona tana nan fayau. Ya bi gida gida yana roƙon iri, mutumin da bara ake tashi a ba shi tabarma. Kafin ya tara abin da zai kai rabin gona, shuka ta wuce. A cikin marka aka binne autarsa, tsohuwar ta bi ta kafin gero ya nuna. Don ya ceci ukun da suka rage, ya ba maƙwabcinsa gandun a bakin damin dawa goma sha biyu. Daga wannan shekara har ƙarfinsa ya ƙare, ƙodago yake yi a gonar ubansa, da yamma a auna masa mudu a zuba a bakin riga.

Shi ya sa magabata suka ce, kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi babu wulaƙanci.